Takalmin da Na Zazzage a Ƙofar Sambo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Falmata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ɗauka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, jirgi bai wahalar da ke ba, sanyin ƙasar mutane bai shiga ƙashinki ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ba ta san na rubuta wannan ba.

Kin ga inda kika tsinci takardar, a aljihun ciki na rigar sanyin da muka saya miki. Da gangan na sa ta nan. Na san ba za ki zura hannu cikin aljihun ba sai sanyin Irlandi ya kama ki, lokacin kuwa kin yi nisan da ba za ki iya kallon idona ba. Babanki dillali ne, Uwata, ko wasiƙa zai ba ki sai ya zaɓi wurin da zai tsaya.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Kwana huɗu ke nan ina rubutun nan a rumfata ta kasuwar bisashe, tsakanin azahar da la'asar, in rubuta layi uku in tashi in zaga garke, in dawo in soke biyu. Abokan sana'a har sun fara tambaya ko takarar depite zan tsaya, in shiga majalisa. Karatuna a sartifikar firamare ya tsaya, don haka in kin ga kuskure ki tsallake, ba malaminki na jami'a ba ne ya rubuto.

Ranar da kika ce mini kin samu bursu, tallafin kuɗin karatu, za ki tafi karatun tarihin yadda mutanen Irlandi suka yi ta kashe juna a kan siyasa, kin tuna dariyar da na yi. Na ce duk karatun duniya, ba likitanci ba, ba injiniya ba, sai faɗan Turawa? Kika zaunar da ni kika yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya. Tsibiri ne, Turawan Ingila suka daɗe suna mulkinsa. Kudu ta yi yaƙi ta samu kanta, sannan 'yan kudun suka juya suka yaƙi junansu a kan sharuɗɗan da aka karɓa. Arewa ta zauna a hannun Ingila, da mutane kashi biyu a cikinta: masu son a haɗe da kudu, galibinsu Katolika, da masu son a zauna yadda ake, galibinsu Furotestan. Aka yi shekaru ana harbi, ana dasa bam a mota, soja a kan titi, har aka gaji aka sa hannu a kan sulhu. Kika ce har yau akwai katanga tsakanin wasu unguwanni a Belfas, kuma aikinki shi ne ki zauna da tsofaffin da suka ga abin, ki ɗauki muryarsu. Da na faɗa a kasuwa, wani abokin sana'ata ya ce, "Au, su ma suna da 'yan jagaliya? Ni na ɗauka sai mu!" Aka yi dariya, na taya su. Amma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ban san Irlandi ba. Mutane na sani, na kuma san kurakuraina, su zan ba ki guzuri.

Na farko ƙarami ne. Lokacin da jam'iyyu suka dawo ƙasar nan, ba a haife ki ba, na je kasuwar Takieta da wani mai sayen shanu. Muka ga bijimin da ya yi masa. Mai bijimin yana sanye da hula mai launin wata jam'iyya, sai na ce to ga ƙofa. Na gaishe shi, na fara yabon jam'iyyar hular, na kawo ɗan takarar ɗaya ɓangaren na yi masa wankin babban bargo, duk don ciniki ya yi laushi. Mutumin ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya cire hular ya duba ta, ya ce, "Wannan? A hanya aka raba, ni kuwa rana ta dame ni. Wanda kake zagi a gidansu aka yi mini kaciya." Ya kwance bijiminsa ya ja shi zuwa wurin wani dillali. Mai sayen da na zo da shi ya bi bijimin, ni na dawo Damagaram da bakina.

To ke kika gaya mini cewa mutanen can suna karanta juna tun kafin a gama gaisuwa: daga suna, daga lakwal, wato makarantar da mutum ya yi, daga layin da yake zaune. Har kika ce akwai garin da sunansa biyu, wanda ka furta shi zai nuna ɓangarenka. Ke za su dube ki su rasa inda za su ajiye ki. Baƙar fata, Musulma, daga ƙasar da rabinsu za su rikita ta da Najeriya. Wannan rashin wurin ajiyewa shi ne jarinki, Uwata, kada ki kashe shi don neman a so ki. Ki bar mutum ya fara kiran sunan garin, ke ki bi bayansa. Kada ki zagi wani don wani ya saki jiki da ke. In an matsa miki ki faɗi wanda ya fi gaskiya, ki ce ke baƙuwa ce, koyo kika zo. Kuma gyalen nan mai launin tutarmu da innarki ta cusa miki a waliz ɗin kayanki, na zare shi, yana wurina, kada ki zargi ƙannenki. Na ga hoton tutar kudancin Irlandi a littafinki: kore, fari, ruwan goro. Launinmu ne sak, ɗigon tsakiya kawai suka rasa. Ki yafa wannan ki shiga unguwar da ba ta dace ba, wa zai tsaya ki yi masa bayanin Nijar? Ni na zagi mutum saboda hular da rana ta sa wani ya ɗora.

Na biyu ya fi na farko nauyi. Wani dattijo daga Garagumsa ya taɓa kawo mini shanun nomansa biyu, shekarar da damina ta yi gardama. Ya ja ni gefe ya ce in sayar masa da su a ɓoye, ga baƙon da zai fita da su daga yankin, don ya gaya wa mutanen garinsu cewa kiwo ya tura su. Mutum ne mai mutunci, ana kai masa shawara, ba ya son a san rumbunsa ya ƙare. Na dafa ƙirji na ce maganar ta mutu a wurina. Kuma da nufin riƙewa na faɗa. Bayan kwana uku ana shan shayi, hira ta yi daɗi, kowa yana kawo nasa labarin, ni ban da sabo. Sai na ji bakina yana cewa, "Kun san wane kuwa?" Mutum ɗaya na gaya wa, Uwata, sauran kunne kawai suka kasa. Kafin kasuwa ta zagayo labarin ya riga dattijon isa gida. Bai zo ya yi mini faɗa ba. Shekara da shekaru in mun haɗu sai ya kalli saman kaina ya wuce, har ya rasu.

Na'urar ɗaukar muryar nan taki ta fi bakina haɗari, domin ni ina mantuwa, ita ba ta yi. Ke da kanki kika ce an taɓa ɗaukar muryoyin wasu tsofaffin mayaƙa can da alkawarin ba mai ji sai bayan ransu, daga baya hukuma ta zo da takardar kotu ta karɓi wasu. To kafin ki ce wa tsoho "maganarka tana hannuna", ki duba ko da gaske a hannunki take, ko a hannun jami'a, ko a hannun alƙali. In ba ki da ikon rufewa, ki gaya masa tun bai buɗe baki ba, ko da zai tashi ya bar ki da na'urarki. Gara ki dawo da littafi siriri. Kuma ki kiyayi teburin shayi na 'yan'uwanki ɗalibai, inda kowa ke son ya nuna shi ya samo labarin da ya fi zafi. Jinina ne a jikinki, kin iya ba da labari, na sha ganin yadda ɗaki ke yin tsit in kin fara. Ki ji tsoron wannan baiwar.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Duk na sama zagaye ne, irin wanda muke yi wa dabba kafin mu taya.

Kin tuna sati biyu kafin tafiyarki, bayan la'asar, kika same ni a zaure kika ce za ki gwada na'urarki a kaina, don hannunki ya saba kafin ki je gaban Turawa. Kika ce in ba ki labarin ranar da aka ƙona shagon Baba Sambo. Na gyara zama na ba ki. Na ce ina kan kwanar layin teloli na ji ihu, na ga hayaƙi, na ruga, na tarar da shi hannuwansa sun ƙone, na goya shi a bayana har gidan likita, alhali shi ana ganinsa ɗan wancan ɓangare ni ɗan wannan. Kika share hawaye. Kika ce da wannan za ki buɗe littafinki, don Turawa su san cewa a garinku ma an yi wuta, an kuma samu wanda ya ratsa ta ya ɗauko abokinsa.

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikin abin da na gaya miki. Sai dai daga tsakiya na fara miki. Ba ki tambaye ni abin da ya kai ni kwanar layin teloli ba, ni da aikina yake kasuwar bisashe.

Bari in fara koya miki wata dabara ta sana'ata. Dillali ba ya nuna dabba da yatsa. In ka nuna, mai ita ya ga an ƙyasa, sai ya ɗaga kai. Kowane dillali da yadda yake yi wa mai sayensa ishara. Wani hula yake gyarawa, wani tari. Ni tawa takalmi ce. In mun shiga garke, sai in yi gaba kamar ban san mai sayen ba, in na zo daidai dabbar da na zaɓa masa sai in tsaya, in cire takalmin dama, in zazzage shi kamar tsakuwa ta shiga, in mayar in wuce. Shi ke nan, ya gane. Ban yi magana ba, ban ɗaga hannu ba. Duk wanda ya taɓa sayen rago ta hannuna ya san wannan.

Sambo kuwa kin san shi da tsufa, ba ki san shi da ƙuruciya ba. Tela ne da babu kamarsa a layin, Bafillace mai baki kamar reza. Mu Barebari da su kin san abin da ke tsakaninmu, wasa ne tun kakanni: ya ce ni bawansa ne, in ce shi nawa ne, ya zage ni in zage shi, kuma haramun ne wani ya yi fushi. Kullum da safe a teburin mai shayi ɗaya muke karyawa. Lokacin kamfen ne, gari ya rabu biyu, har gaisuwa sai an duba hula. Ni kuwa ina ta shisshige wa wani babban ɗan siyasa na unguwarmu, ina son a san da ni, in shiga mota a gaba, a riƙa cewa a tambayi Bukar. Ba aƙida ba ce, Uwata. Ko takardar manufofin jam'iyyar ban taɓa karantawa ba.

Wata safiya mutanen babban nan suka zauna a teburinmu, har da shugaban matasansa. Ina cikin zuba, ina nuna musu na san kowa a gari, sai ga Sambo da tef ɗin awo a wuya. Ya tsaya ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Babarbare, shekaranjiya na gan ka da hular waɗancan, yau ga ka da ta waɗannan. Kai nawa Allah Ya ba ka ne? Faɗa mini in san yawan da zan ɗinka." Teburin ya fashe da dariya. Shugaban matasan har shayi ya fito masa ta hanci. Na mayar masa yadda aka saba, na ce, "Bafillace, koma daji, saniyar babanka tana kiranka." Aka ƙara dariya, aka watse. A wurin kowa magana ta wuce. Kuma gaskiya ya faɗa, na sa hular waɗancan shekaranjiyar, ciniki ne ya kai ni gidansu. Abin da ya ci ni ke nan. Da ƙarya ya yi da na manta kafin azahar.

Washegari ranar babban mitin ɗin jam'iyya ce. Da hantsi shugaban matasan ya same ni ya ce sun ji ana ɗinka wa abokan hamayya tutoci da riguna a layin teloli, amma ba su san shagon ba, ni da na san kowa fa? Na ce, "Ni ban san komai ba, kuma ba na shiga irin wannan. Sai dai yanzu zan bi ta layin in wuce, takalmin nan nawa yana damuna da tsakuwa kwanan nan." Ya taɓa sayen ragon suna ta hannuna. Ya yi murmushi, ya ce Allah Ya sawwaƙe.

Na bi layin, shi da matasansa biyu, su uku, suna bina daga nesa. Na zo ƙofar Sambo. Yana kan keken ɗinki, ya ɗago ya ce, "A'a, mai kai biyu, ina zuwa?" Na ce wucewa zan yi. Na dafa ƙyauren shagonsa da hannun hagu, na cire takalmin dama, na zazzage. Babu komai a ciki. Na mayar na wuce, na je kwana na tsaya.

Abin da na gaya wa kaina shi ne za su kwashe tutocin su yayyaga a titi, su ba shi tsoro, gobe a teburin shayi in ce, "Bafillace, ina bakin?" Har na shirya yadda zan faɗa. Ban san da galan ɗin mai a hannun na ukunsu ba. Ko in ce ban duba ba. Suka watsa, suka ƙyasta, suka gudu. Sambo ya fito da ƙafarsa lafiya lau, Uwata, ko gashinsa bai taɓu ba. Sai ya tuna sallah ta kusa, kayan mutane ne cike da shagon, yadin da mata suka kawo, na yara, na amare. Ya koma. Sau uku yana shiga yana fitowa da kaya a rungume. A na ukun ne rufin ya saki. A cikin abin da ya fitar har da rigunan jam'iyyarmu, domin kowa yake ɗinka wa, tebur ɗaya, zare ɗaya.

Daga nan kin san sauran. Na goya shi. Gari ya yaba mini. Liman ya ambace ni a wa'azi. Hannunsa na dama ya ƙanƙance, bai ƙara riƙe almakashi ba, ya tattara ya koma Mirriya wurin danginsa. Ni kuwa na zama aminin da ba ya yankewa: duk bayan 'yan makonni in hau mota in je in gaishe shi da goro da sukari. Da aka haife ki shi ya fara yi miki addu'a bayan liman. Jandarma ba su taɓa tambayata komai ba. Da sun tambaya ma me za su rubuta? Mutum ya zazzage takalmi?

Sama da shekara talatin ina zuwa gidan nan, kuma kin sha raka ni, kin san abin da yake faɗa in ya ji sallamata. Daga cikin zaure zai ɗaga murya: "Babarbare, zazzage takalminka a waje, kada ka shigo mini da tsakuwa!" Ke ma dariya kike yi. Ni ma ina yi, in ce wasan Fulani ne, yana nufin mu ƙazamai ne. Wallahi haka na ɗauka, ko haka na zaɓi in ɗauka, yanzu ban iya rabewa ba.

Ke kika ɓata mini wannan. Ranar da kika ɗauki muryata, kina naɗe wayar na'urar kika ce, "Baba, ni abin da ya fi ba ni mamaki a labarin mutanen can ba kisan ba ne, zaman da ake yi bayansa ne. Garuruwan ƙanana ne. Matar da aka kashe wa miji sau da yawa ta san wanda ya nuna ƙofar, kuma tana haɗuwa da shi wurin sayen burodi." Kika tashi kika shiga gida. Ni na ci gaba da zama a zauren. Domin a nan na tuna cewa ni da bakina na koya wa Sambo dabarar takalmin, tun muna samari, ranar da na raka shi sayen akuyar innarsa, ina yi masa burga. Kuma ranar wutar, lokacin da nake zazzagewa, keken ya tsaya. Na ji tsayawarsa. Fuskata yake kallo.

Sannan ga abin da ya ce miki da muka je sallama, da ya ɗora hannun nan nasa a kanki: "'Yar Barebari, sai kin haye teku za ki nemo abin da ke ƙofar gidanku?" Kika ce ai na gida ma za ki dawo kansa. Ba ke yake kallo ba lokacin.

To ga nasihar, ki ɗauke ta daga wanda ya san abin daga ciki. In kin zauna da tsohon da ya ga wancan zamani, kada ki fara da ranar wuta. Wannan ya riga ya goge ta, ya faɗe ta sau ɗari, ta yi santsi. Labarin da ya fito ba gargada, ki san an daɗe ana sassaƙa shi. Ki tambaye shi safiyar ranar. Me ya karya da shi, wa ya gani, me ya kai shi layin da ba nasa ba. Ki tambaye shi jiya da shekaranjiya, wa ya yi masa dariya a gaban mutane. Za su ba ki manyan kalmomi, ƙasa, 'yanci, addini, sarauniya, kuma kada ki raina, wasunsu da gaske suke, an zalunce su, sun binne 'yan'uwa. Amma ki ɗan ɗaga babbar kalmar ki leƙa ƙarƙashinta. Wani lokaci za ki tarar da zalunci na shekara ɗari, wani lokaci shayin da ya fito wa wani ta hanci.

Kuma kada ki tsaya kan masu bindiga kaɗai. Su an san su, an ɗaure wasu, an zana wasu a bango. Ki nemi irina. Wanda ya tsaya ɗaure igiyar takalmi a ƙofar maƙwabci. Matar da ta ɗaga labule ta sauke. Mai kantin da aka tambaya ƙarfe nawa wane yake wucewa, ya ce shi bai sani ba, amma ya dubi agogo. Ba su cikin littattafanki, domin ba su yi abin da za a rubuta ba. Suna nan da yawa, sun tsufa da mutuncinsu, wasunsu ma su suka ɗauki gawar. In Allah Ya sa ɗaya ya buɗe miki baki, kada ki wanke shi, kada kuma ki tashi ki bar shi. Ki zauna har ya gama. Ban san ko ina da hakkin roƙa masa wannan ba, amma na roƙa.

Muryata da ke cikin na'urarki, kada ki goge. Ki ajiye ta kusa da takardar nan, ki riƙa sauraron yadda mai gaskiyar rabi yake magana, zai yi miki amfani can fiye da darasin aji. Amma kada ki buɗe littafinki da ita yadda take. In kina son ki rubuta labarin duka, ba ni za ki nemi izini ba. Hannun Sambo ne, shi za ki tambaya.

Ban ce ki yafe mini ba. Ba ke ce farko a layi ba, kuma ba na son in karɓi taki in ji sanyi in fasa zuwa inda ya kamata. Abin da nake tsoro ɗaya ne, zan faɗa miki shi tsirara: muryar da kike cewa "Baba" da ita in kin kira waya. Na san za ki ci gaba da kira, tarbiyyar innarki ba za ta bar ki ki daina ba. Muryar ce ban sani ba. Shekara talatin ban ji tsoron jandarma ba, ban ji na alƙali ba, ga ni ina tsoron gaisuwar 'yar da na yi wa huɗuba.

Sau biyu cikin satin nan ina zuwa tashar Mirriya. Na farko na ce motar ta cika da yawa. Na biyu har na zauna, ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya, na ce na manta abu na sauka. Na san kaina, Uwata. In aka bar ni da ni, zan yi ta samun dalili har ɗayanmu ya mutu, kuma Sambo tari yake yi tun bara. Shi ya sa na sa takardar nan a rigarki. A kasuwa in ciniki ya faɗa a gaban shaida, ba mai komawa baya. Ke ce shaidar. Ranar da jirginki zai tashi daga Yamai ta dace da kasuwar Mirriya, motoci ba sa yankewa, ba ni da uzuri. In kin gama karantawa kada ki kira ni. Ki kira Baba Sambo, ki gaishe shi, ki tambaye shi ko Babarbaren ya zo. In ya ce na zo da goro da sukari mun yi wasa na tafi, to kin san abin da babanki yake, ki rubuta shi haka. In ya yi shiru kafin ya amsa, to na faɗa masa gaskiya.

Ban san abin da zai ce mini ba. Wataƙila ya kore ni. Wataƙila ya ce, "Sai yau?" Wataƙila ya yi dariyar nan tasa, wadda ita na fi tsoro. Abin da na sani, wannan karon ba zan jira ya ɗaga murya daga zaure ba. Zan cire takalman duka biyu a ƙofar gida, in bar su nan a titi, in shiga da ƙafata.

Allah Ya tsare ki a ƙasar da ba ki da kowa sai Shi. Ya ba ki kunnen ji da bakin riƙewa. Ki kula da sallarki ko da rana ta ƙi faɗuwa ko ta ƙi fitowa, ki ci abinci mai zafi, ki rufe ƙirjinki. Allah Ya sanyaya zukatan mutanen da za ki zauna da su, waɗanda aka yi wa da waɗanda suka yi. Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ki tarar da ni a raye, ki tarar da Sambo a raye. Amin.

Babanki,
Bukar dillali, Damagaram.